Ƙanena Ya Riga Bindiga Tashi a Gasar Ƙasar Waje, Ya Dawo Ya Kulle Kansa a Ɗaki

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, gidanmu yana Tudun Wada. Ina da ƙane ɗan shekara 22, ɗalibi ne a Samaru, kuma ɗan tseren mita 100. Tun yana sakandare nake ɗauke da shi: takalmin gudu, kuɗin mota zuwa gasa, har abincin da koci ya ce ya riƙa ci. A bana aka sa shi cikin tawagar Najeriya zuwa wata gasa a ƙasar waje. Ya tsallake zagayen farko, a zagayen kusa da na ƙarshe sai ya tashi kafin a harba bindiga, aka ɗaga masa kati aka fitar da shi. Wani ya yanko bidiyon ya sa masa kiɗa, ya zagaye WhatsApp da TikTok, har yaran unguwa suna kiransa "riga malam masallaci".

Yau wata uku ke nan. Ba ya zuwa atisaye, ba ya zuwa lacca, ya bar majalisa, sallah ma a ɗaki yake yi. Ba ya barci sai gab da asuba, ya rame, na kuma tsinci tramol a aljihun wandonsa. Kwanan nan Umma ta ji yana cewa da ma bai dawo da rai ba. Baba ya ce raki ne da lalaci. Kawunmu ya ce sammu ne daga abokan tserensa, ya kawo rubutu da hayaƙi da wani jiƙo. Koci yana ta kira, wai akwai gasar tantancewa nan da mako shida, in bai fito ba wani zai maye gurbinsa. Ni na yi lallashi, na yi faɗa, har na lissafa masa kuɗin da na kashe a kansa. Ina karanta yadda manyan 'yan wasan duniya ke faɗuwa su tashi. Shi me ya hana shi? Ta yaya zan mayar da shi fili?

Yayan ɗan tsere, Tudun Wada, Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar yaron nan, shi kuma Allah ya ba shi lafiya.

Mu ajiye maganar fili tukuna. Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ya fi gasar tantancewa gaggawa, shi ne abin da Umma ta ji. Saurayin da ya yi wata uku barci ya ƙaurace masa, ya rame, yana shan ƙwaya a ɓoye, sannan ya furta cewa da ma bai dawo da rai ba, ba a cewa ai faɗa kawai yake yi. Yau ɗin nan ka shiga ɗakinsa kai kaɗai, ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Na san tambayar tana da nauyi a baki, kuma mutane suna tsoron kada su cusa wa mutum abin da babu a ransa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gane cewa tambayar ba ta haifar da wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don mutum ya samu wanda zai iya jin abin da ke cinsa. In ya ce e, kada ka yi salati ka miƙe, kada kuma ka fara masa wa'azin wuta. Ka tambaye shi ko ya riga ya tsara yadda zai yi. In ya tsara, a daren ku kama hanyar Shika, sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana aiki dare da rana. Ko me ya amsa maka, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin magungunan da ke gidan a kulle, kuma wani ya riƙa kwana a ɗakinsa.

Ba tsoratar da kai nake yi ba. Robert Enke mai tsaron gidan Jamus ne, ana sa ran shi zai tsare musu raga a gasar cin kofin duniya ta 2010. Ya yi shekaru yana fama da ciwon damuwa, ya ɓoye wa jama'a da abokan wasansa don tsoron abin da za a ce da abin da zai rasa. A watan Nuwamban 2009 ya kashe kansa yana da shekara 32, kwana biyu bayan ya buga wa kulob ɗinsa wasa. 'Yan wasa gwanaye ne wajen ɓoye ciwo, tun suna yara ake horar da su a kan haka.

Abin da ka lissafa yana da suna a asibiti, ciwon damuwa. Takaicin rashin nasara kowane ɗan wasa yana yi: kwana uku ko mako guda ba ya son magana, daga baya yunwa ta kama shi, abokai su ja shi, ya ware. Amma idan aka haura mako biyu kullum ran mutum a dagule, abin da ya fi so ya fita daga ransa, barci da cin abinci suka lalace, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, likita ba ya kiran wannan ɓacin rai. Ƙanenka ya ninka wannan wa'adin sau shida. Batun lalaci kuwa, ka tuna wa Baba wane yaro ake magana a kai. Wanda ya yi shekaru yana fita da asuba cikin hunturun Zariya, yana maimaita gudu har numfashinsa ya sarƙe, ba shi za a koya wa juriya ba. In irin wannan ya kasa tashi daga katifa, akwai abin da ya kwantar da shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2019 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsayar masana a kan lafiyar ƙwaƙwalwar manyan 'yan wasa, binciken da aka tattara a shekarar kuma ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ke kan ganiyarsu suna da alamun damuwa ko fargaba. Abin bai tsaya ga waɗanda suka faɗi ba. Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka mai lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki na zinare, ya faɗa da bakinsa cewa bayan gasar Landan ta 2012 ya yi kwanaki a ɗaki ba ci ba barcin kirki, ba ya son ci gaba da rayuwa. A gasar nan zinare huɗu ya ci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro irin naka tun yana ɗan shekara goma sha ba a san shi da komai ba sai gudu. A makaranta mai gudu, a unguwa mai gudu, a gida shi ne wanda zai fitar da ku kunya. Sai a tattara duk wannan a ɗora a kan daƙiƙa goma, a gaban kyamara. Ranar da daƙiƙa goman suka kuɓuce, ba tsere kaɗai ya rasa ba, bai ma san wane ne shi ba in ba gudun. Ga kuma jikin da ya saba da atisaye kullum an tsayar da shi lokaci guda, wannan kaɗai ya isa ya hargitsa barci.

Na lura a gidanku ana ɗaukar abin da ya faru a layin nan kamar ganganci, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. A manyan gasanni, abin da ɗan tsere ke tokare ƙafa da shi yana ɗauke da na'urar da ke auna matsin ƙafarsa. Ba sai ya riga bindiga ba ma: in ya motsa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan an harba, ana ɗauka cewa cinka ya yi, ba ji ya yi ba. Tun 2010 kuma babu gargaɗi, kuskure ɗaya kora ce. A gasar duniya ta 2022 an kori Devon Allen na Amurka daga tseren ƙarshe na tsallake shinge saboda na'ura ta nuna 0.099 maimakon 0.100. Kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, abin da ko ƙiftawar ido ta ninka shi sau tari. Usain Bolt kansa an kore shi a tseren ƙarshe na mita 100 a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011, lokacin yana riƙe da tarihin duniya. Ni dai dokar nan ban taɓa sonta ba, tana hukunta zumuɗin yaro da wayon mai cinke da sanda ɗaya. Amma ita ce doka, kuma wanda ta kama ya fi yawa cikin waɗanda suka matsu su yi abin kirki.

Yanzu ga tambayarka: su suna tashi, shi me ya hana shi? Labaran da kake karantawa suna ba ka farko da ƙarshe ne, su tsallake tsakiya. Gaskiya ne Bolt ya ci mita 200 kwana shida bayan korarsa, amma mutum ne da ya riga ya tara zinaren Olamfik, yana da koci da likita da masu kula da shi, ba kuma wanda ke jiransa a gida da lissafi. Dubi Simone Biles, 'yar wasan alkafura ta Amurka. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ta janye ana tsakiyar gasa, don in ta tashi sama tana juyi sai ta rasa inda take, abin da ka iya karya mata wuya. An zage ta, an ce ta gudu ta bar 'yan'uwanta. Sai da ta yi shekara biyu ba ta shiga gasa ba, tana ganin masaniyar halayyar ɗan'adam a kai a kai, kafin ta je Paris a 2024 ta ɗauko zinare uku da azurfa ɗaya. Shekara biyun nan su ne labarin, su ne kuma ba a yin bidiyonsu. Tobi Amusan tamu, mai tseren tsallake shinge na mita 100, ta zo ta huɗu a gasar duniya a Doha a 2019, ta sake zuwa ta huɗu a Tokyo, matsayin da ya fi kowanne ciwo don kana ganin lambar da idonka. Sai a 2022 ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12. Babu ɗaya daga cikinsu da aka tashe shi da faɗa cikin mako shida.

Zagin waya kuwa, mu ma ba mu da hannu mai tsabta. Sani Kaita ɗan Kano ya ciyo wa ƙasar nan azurfa tare da tawagar Olamfik a 2008. Shekara biyu bayan nan aka ba shi jan kati a wasa da Girka a kofin duniya, muna gaba da ci ɗaya aka ƙare an doke mu 2–1, kakakin tawagar ya ce saƙonnin barazanar kisa da aka aika masa sun haura dubu. A Fabrairun 2024, bayan Kwaddibuwa ta doke mu a wasan ƙarshe na kofin Afirka, aka yi wa Alex Iwobi ca har ya kwashe hotunansa daga Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito yana roƙon a ƙyale shi. Waɗannan manya ne masu kuɗi da ke zaune nesa da masu zaginsu. Naka kuwa in ya leƙo zaure zai ji sunan da aka laƙaba masa. Kada ka ƙwace masa waya, wannan wani wulaƙancin ne, amma ka roƙe shi ya cire TikTok da sauransu na ɗan lokaci, in ya yarda kai ma ka cire naka ku yi tare. Ka bi zauren WhatsApp na dangi ka ce kada a ƙara turo bidiyon nan ko da sunan jaje. Yaran unguwa kuma ka san iyayensu, ka san wanda in ya tsawata a majalisa za a ji.

Sai abin da ba za ka so ji ba. Kuɗin da ka lissafa masa, ka je ka janye maganar. Na san ba da mugunta ka yi ba, kuma ban raina abin da ka kashe ba, kasuwa ba ta da sauƙi a wannan zamani. Amma mai ciwon damuwa dama kullum abin da zuciyarsa ke faɗa masa shi ne ya zama kaya a wuyan mutane, da babu shi da sun huta. Kai kuma ka kawo masa shaida da alƙaluma. Ka same shi ka ce masa a fili: abin da na kashe ba bashi ba ne, ba na jiran komai, ko ka sake gudu ko ba ka sake ba kai ƙanena ne. Sau ɗaya ba zai shiga ba, ka maimaita. Kuma in ka faɗa, ya zama har zuciyarka haka ne, don in yana jin ƙamshin dabarar mayar da shi fili a cikin maganar, ka ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Kawu kada ka yi jayayya da shi. Na fahimci abin da ya sa zancen sammu ke da daɗin karɓa: yana ɗauke kunya daga kan yaro ya ɗora wa wani. Addu'a da karatun Alƙur'ani a ci gaba da su, ba sa rigima da asibiti. Iyaka biyu kawai za ka sa. Jiƙo da duk wani haɗin da ba a san abin da ke ciki ba a dakatar da shi, don yana iya karo da maganin likita, kuma a dokar wasanni ɗan wasa shi ke da alhakin duk abin da aka samu a fitsarinsa, ba a karɓar uzurin kawu ne ya ba ni. Sannan duk wanda ya kawo shawarar a kai shi inda ake ɗaure mutane ana dukansu da sunan magani, ka tsaya kai da fata ka ƙi. Ba mu manta gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa a 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Zargin abokan tserensa ma a bar shi. Su ne kaɗai suka san yadda zuciya ke bugawa a layin nan, in aka sa ya tsargu da su an raba shi da masu fahimtarsa.

Baba kuwa ba daga bakinka zai karɓa ba. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani amininsa, ya tuna masa cewa Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, Allah kuma bai kira wannan raunin imani ba. In ba a shawo kansa ya yarda ciwo ne ba, a samu ko da ya daina faɗar raki a inda yaron zai ji.

Tramol ɗin nan dole likita ya sani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai yiwuwa don ya samu sauƙin tunani ya fara sha, amma yana kama jiki, yana iya jawo farfaɗiya, kuma haɗa shi da wasu magungunan damuwa yana da haɗari ƙwarai. In kullum yake sha kada ku tilasta masa yankewa dare ɗaya, likita ne zai tsara yadda za a rage. Shi ma ya kamata ya sani cewa tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, ta haramta tramol a lokacin gasa. Da ka yi nasarar tura shi gasar tantancewa a haka aka gwada shi, da dakatarwa za ta biyo bayan kora.

Asibitin koyarwa yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna in kun fi son inda ba a san ku ba. Tunda ɗalibi ne, kuna iya farawa daga asibitin makaranta a ba ku takardar turawa. Za a yi masa tambayoyi, wataƙila a ɗebi jini don a tabbatar babu wata cutar da ke taimakawa, sannan a haɗa masa zaman tattaunawa da masani, ko magani, ko duka biyun. Maganin damuwa ba ya aiki a kwana uku, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma ba a ajiye shi don an fara jin daɗi. Ku faɗa wa likitan cewa ɗan wasa ne da ake yi wa gwaji. Yawancin magungunan da ake farawa da su ba sa cikin jerin haramtattu, amma gara a duba. Kada ku fito ba ku karɓi takardar da za a kai wa sashensa a makaranta ba, saboda laccocin da ya rasa. Digirin nan ya fi gurbin tawaga wahalar dawowa in ya kuɓuce.

Koci ka kira shi da kanka ka ce yaron ba shi da lafiya, yana hannun likita, ba zai yi wannan gasar ba. Enoch Adegoke ya kai tseren ƙarshe na mita 100 a Tokyo, ɗan Najeriya na farko tun 1996, tsokar cinyarsa ta tsinke ana cikin gudu. Babu wanda ya ce masa ya daure ya fito bayan mako shida, kowa ya san tsoka tana da lokacinta. Wannan ma haka ne, sai dai ba a ganin ɗingishinsa. In kocin mai hankali ne, ka roƙe shi ya zo gaisuwa kawai, ba zancen lokaci ba zancen gurbi. In kuma gurbin kaɗai ya dame shi, to ka san irin kocin da ƙanenka yake da shi.

Motsa jiki yana taimakawa, amma ba atisaye ba. In ya fara sakewa, ku riƙa fita tare bayan sallar asuba, tafiya kawai, ko ta wajen Kufena ko duk inda ba a san shi ba, babu agogo a hannu. Ranar da ya nemi takalminsa da kansa, akwai hanyar da masu horarwa ke bi su sake sabar wa ɗan tsere da ƙarar bindiga sannu a hankali. Shekara 22 ba tsufa ba ne a tsere, da yawa sai sun haura 25 suke kaiwa ganiyarsu, rasa kaka ɗaya ba ya rufe ƙofa. Yana kuma iya warkewa sarai ya ce shi ya gama da gudu. In haka ta faru, zaɓinsa ne, kuma ka riga ka faɗa masa babu bashi.

Da wuya ya yarda ya bi ka asibiti a karon farko, musamman in ya ji an ambaci ƙwaƙwalwa, don zai ɗauka ana nufin ya haukace. Ka ce masa za ku je a duba rashin barcin nan da ramar da yake yi, ba ƙarya ka yi ba, da su likitan ma zai fara. Ka bar shi ya zaɓi wanda zai raka shi, ko da ba kai ba ne. In ya ƙi ƙememe, kai ka je a cikin makon nan, ka kwashe duk abin da ka rubuto mini ka faɗa wa likita, har da maganar da Umma ta ji da ƙwayar da ka tsinta, su za su nuna maka yadda za a shigo da shi.